Ja Ko Koriya, Kara Ne Zai Zaɓa

Yako, ranar Laraba.

Zuwa ga malamin gona na Tudun Wada, wanda na haifa.

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hauwa da abin da take ɗauke da shi. Allah ya sauke ta lafiya, ya tsare ka a zaune da tafe. Ka gaishe min da surukanka na Kwanar Dangora, ka ce ina godiya da masaukin da suka ba ku. Gaisuwar ke nan, ba zan ƙara ba, don ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

"Inna, keke ya ishe ni. Muddin kina numfashi ba zan riƙe sitiyarin mota ba."

Ka gane mai maganar nan? Kai ne. A bakin zaure ka faɗe ta ranar da za ka kama aiki, akwatinka a ɗaure bayan keke, kawunka Sule yana tsaye yana ji. Ban roƙe ka ba, ban sa ka ba, kai ka ɗauko ta da bakinka. Yau wata biyu bai cika ba. Na duba kaina da kyau, har yanzu ina numfashi.

Takardarka ta zo ranar Asabar, na karanta ta sau uku. Ka ce daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ya yi wa keke nisa kullum, ga Hauwa ba ka so ka bar ta. Ka ce Turawa biyu za su koma ƙasarsu, kowanne zai sayar da ƙaramar motar tsere mai kujera biyu. Ɗaya ja ce, ta wani saurayin Bature mai haƙar kuza a wajen Doguwa, rufinta na tamfol ne ana naɗe shi, kuma "tana gudu kamar ba ta taɓa ƙasa." Ɗayar koriya ce, ta tsohon likitan shanu, rufinta ƙarfe, ta girmi jar, ba ta kai ta gudu ba. Sannan ka rufe da cewa in taya ka zaɓe in sa albarka.

Ba ka ce in yafe maka alkawari ba. Ba ka ma ambace shi ba. Ka tsallake shi kamar kashin kaza a tsakar gida, ka ce in zaɓa. Duk faɗin ƙasar nan ni ka ga ya dace ta zaɓar maka tsakanin mota biyu. Ba ka san abin da ka roƙa ba, kuma laifina ne da ba ka sani ba. Zan zo wurin. Ka zauna ka karanta, kada ka karanta a tsaye kana hira da mutane.

Zan fara da ƙaramin kuskurena. Ka san keken ɗinkin nan da ke ɗakina, wanda nake ɗora ƙwaryar gari a kansa. Tun kana yaro kake ganinsa, ba ka taɓa jin ƙararsa ba. Matar wani Bature ce ta sayar da shi da za su tafi, kukunsu ya kawo shi har Bebeji, ni kuma na je biki na gani. Baƙi ne wul, da zanen ruwan zinariya a jiki, ga wani ɗan littafi mai hotuna da aka haɗo da shi. Ni mai karatu, wadda babana ya zaunar ya koya wa littattafai tare da maza, wadda ta koyi boko a littattafanka na makaranta, sai na ga takarda na yarda. Na ce abin da aka buga wa littafi ba zai yi ƙarya ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi min aiki. Wani ɗan ƙarfe da ke riƙe zare a ƙasa, bai kai ƙwayar dabino ba, ya karye. Aka nema a Kano babu, aka aika Zariya babu, maƙerin garin nan ya ƙera min uku, duk suna cin zare. Ashe matar ta sani, don daga baya na ga wurin an taɓa liƙe shi. Ban tambaya ba, ita kuma tana cikin jirgin ruwa.

To ka ji. Wanda zai tafi ya bar ƙasa ba ya tsoron sake haɗuwa da kai a kasuwa. Kada ka tambayi Bature lafiyar motarsa, ka tambayi wanda yake shiga ƙarƙashinta. Ka tambayi wace ce ta taɓa faɗawa rami, wace ce aka taɓa ja da igiya, kuma idan wani ƙarfe ya karye a cikinta, a wane gari ake samun irinsa, kwana nawa kafin ya zo. Keken ɗinki da ya mutu ya zama mazaunin ƙwarya, ba wanda ya yi asarar rai. Mota ba a ɗaki take mutuwa ba. A kan hanya take mutuwa, tana gudu, da mutum a ciki.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi. Kai ɗan fari ne. Tun da aka yi sunanka ban taɓa faɗar sunan nan da bakina ba. "Kai" nake ce maka, in ana zancenka in ce "yaron nan," yau ma ka ga yadda na rubuta a saman takarda. Haka na tarar ana yi, haka na yi, har ana yabona a kai. Kana da shekara tara ka hau ɗan dokin kakanka wanda ba a gama horarwa ba, ba sirdi, ba linzami sai igiya. Ina bakin rijiya ina kallonka tun kana kwance shi daga turke. Na san zai ka da kai. Kakarka tana zaune a gindin ɗurumi da wasu tsofaffi biyu, kalma ɗaya nake bukata in faɗa, sunanka kawai, da ka waiwayo. Na buɗe baki na rufe. Na juya baya na ci gaba da jan guga, don kada a ce ba ni da kunya. Da kunnena na ji ƙarar hannunka. Da aka kai ka wajen mai ɗori ma ban bi ba, na zauna ina tankaɗe, tsofaffin suna cewa wannan yarinya akwai alkunya. Har yau hannunka na hagu ba ya miƙewa sosai, kuma da shi kake so ka riƙe motar da ba ta taɓa ƙasa.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. Na farko, shirun da na yi maka shekara ashirin da shida ba yarda ba ce, kada ka sake lissafa shi a matsayin yarda. Na biyu, kunya tana kashe mutum, kuma maza ta fi kashewa. Na san ku. Babbar motar gyaɗa za ta wuce ka, ka ji kunya ka taka. Za ka iso mashigi mutane suna tsaye suna kallon malamin gona da motar Bature, ka ji kunyar tsayawa ka jira ruwa ya sauka. Za ka ji birki ya yi laushi da safe, ka ji kunyar aika wa ofis cewa ba za ka zo ba. Na yi kunya sau ɗaya a bakin rijiya, hannu ta ci. Taka ba hannu za ta ci ba.

Ranar Lahadi na sa Sule ya ɗaura wa jakai biyu akumari. Ya ce, "Yaya, ina za mu?"

Na ce, "Aunen hanya."

Ya ce, "Gwamnati ta ɗauke ki aiki ne?"

Na ce, "In ba za ka ba, ba ni sandarka, ta fi ka amfani."

Ya biyo ni yana ƙunƙuni. Mun biyo ta Kwanar Dangora, ban shiga gidan surukanka ba, na sa Sule ya rufe bakinsa, don da na gan ka a ranar da na faɗi abin da ba ya komawa. Wajen Tanko na je. Ba ka san shi ba. Tsohon direban babbar mota ne, idonsa ɗaya ya mutu, yanzu yana zaune a rumfa bakin tasha yana gyaran taya. Duk motar da ke bin hanyar Tudun Wada ya san tarinta. Rabona da shi shekara goma sha huɗu. Na yi sallama, ya ɗago, ya dube ni da idon nan ɗaya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Malama, ke ce." Ya tura min benci.

Yanzu zan gaya maka inda ya san ni.

Abin da aka faɗa maka, kana makaranta a Kano, shi ne ruwa ya tafi da motar da ubanka ya shiga. Gaskiya ne, amma ba duka ba ne. Cikin marka ne, an aiko yayansa yana kwance a Tudun Wada. Na rako shi Kwanar Dangora don zan duba gwaggona a can. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye an ɗauke. A tasha akwai motoci biyu masu zuwa Tudun Wada. Ɗaya ta Tanko, tsohuwa, katakonta ɗaure da waya. Ɗayar sabuwa, shuɗiya, an yi mata zane a goshi, direbanta saurayi ne da hula a karkace. Ubanka ya tambayi Tanko yaushe zai tashi. Tanko ya ce, "Malam, ni sai bayan azahar. In na je mashigin Tsamiya kuma ba zan shiga ba sai na ga mutum ya haye da ƙafa." Saurayin yana jin haka ya buga ƙofar motarsa ya ce mai sauri ya shigo, shi ruwa ba ya tsayar da shi.

Ubanka ya riga ya ɗora jakarsa a motar Tanko. Ni na ce, "Malam, wannan akwalar za ka shiga? Yayanka yana kwance kai kana jiran azahar?"

Haka na faɗa, kuma da a ce don yayansa na faɗa, da na sami abin da zan riƙe. Ba don shi ba ne. Akwai matan Yako huɗu a tashar da ƙwaryar kasuwa, so nake su ga mijina a gaban sabuwar mota, kusa da direba, su je gida su ba da labari. Ubanka ya yi dariya ya ce, "To, mai karatu ta zaɓa." Ya sauke jakar da hannunsa ya mai da ita shuɗiyar. Ya ɗaga min hannu ta taga. Matan sun gani, na sami abin da nake so. Bayan kwana biyu Fulani masu kiwo suka sami gawarsa can ƙasa da mashigin, a cikin saiwar wani itace. Tanko ya tashi bayan azahar, ya jira a bakin ruwa har la'asar, ya haye da mutanensa lafiya. Yayan ubanka ma ya warke, ka san shi, yana nan yana cin tuwo.

Tanko ya ji abin da na faɗa a ranar, yana tsaye kusa da ni kamar nan da ƙofa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma ban gaya wa kowa ba, har Sule sai ranar Lahadin nan ya ji. Na san ajali ne, na karanta abin da malamai suka rubuta a kan ƙaddara fiye da yadda ka karanta, kada ka aiko min da wa'azi. Ajalinsa ne, amma bakina ne. Tun ranar ƙafata ba ta sake taka cikin mota ba, kana ganin tsoron tsohuwa ne kawai, har kana yi min dariya. Wannan ce matar da ka rubuto wa ta zaɓar maka tsakanin ja da koriya.

Ga nasihar da ke ciki, ba ta da tsawo. Kafin ka zaɓa, ka tambayi kanka wa kake so ya gan ka. In ka sami fuskar mutum a cikin amsar, ko abokan makarantarka ne, ko ma'aikatan ofis, ko samarin tasha, ko Hauwa kanta, to ka ajiye zaɓin nan, ba naka ba ne, nasu ne, kuma ba su za su shiga ruwan ba. Na karanta takardarka sau uku na ce. Jar ta sami layi bakwai, koriyar ta sami biyu. Ka riga ka zaɓa, albarka kawai kake nema a shafa a kai.

Na gaya wa Tanko zancen motocin. Ya san su duka biyun, sun sha tsayawa a rumfarsa. Na ce ya faɗa min kamar ɗansa ne zai shiga.

Ya ce, "Jar nan, Malama, in kan kwalta ne daga nan zuwa Kano, ba abin da zai kamo ta sai aljani. Amma cikinta a ƙasa yake kamar kadangare. Yaron Baturen nan sau biyu yana fasa tukunyar baƙin man da ke ƙarƙashinta a hanyar Doguwa, da shanun noma aka jawo shi. Kuma ba ta da nauyi a baya, in ta hau gargada tana gudu sai gindinta ya fara rawa."

Na ce, "Rufin fa?"

Ya ce, "Rufin laima ce. In ta kife, kan mutum ne rufin."

Sule ya ce, "Amma fa tana da kyau."

Na ce, "Sule, kai ma akwai lokacin da kake da kyau."

A kan koriyar Tanko ya ce tsohon likitan ba ya gudu, rugage yake bi da ita, ya sa an ƙara mata tsawo kaɗan saboda hanyar daji. Tana shan mai, tana ɗigar baƙin mai, da sanyin safe sai an tura ta. Birkinta an sake shi bara, shi ya ga an yi. Akwai makaniki a Zariya da ya san irinta, jar kuwa sai an aika Ikko. Na ce to koriyar ce ke nan. Ya girgiza kai ya ce shi bai ce ba. Ya ce duka biyun an yi su ne don ƙasar da hanya take kamar faranti, kuma hanyar Tudun Wada da ka sani yanzu ba ita za ka tarar ba in ruwa ya sauka. Manyan motoci suna haƙa sawu biyu, dama da hagu, su bar tudu a tsakiya kamar kunyar dawa. Ƙaramar mota dole ta sa tayoyinta a sawun, tudun kuma ya bi ta ƙarƙashin cikinta. In cikin bai kai tsawon tudun ba, ko ya fashe, ko motar ta hau ta zauna tayoyi suna juyawa a banza. In a fili ta zauna, an yi asarar yini. In a gangaren mashigi ta zauna ruwa yana tahowa, ka san sauran.

Shi ya ce da a ce mutum zai auna tsawon tudun. Na ce mutum zai auna.

Mun kama hanya da jakai, muka kwana a ƙauyen da ke kusa, Litinin da hantsi muka isa mashigin Tsamiya. Ban taɓa zuwa ba sai ranar. Shekara goma sha huɗu ina ganinsa a raina kamar kogi, na tarar da rairayi ne busasshe, awaki suna tsallakawa, faɗinsa bai fi daga zaurenmu zuwa masallaci ba. Na zauna a ƙasa. Sule ya tsaya nesa ya yi kamar yana gyara akumari. Da na tashi, muka nemi inda sawun damina ta bara ya fi zurfi, a gangaren da ke wannan gefen, ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Sule ya gitta sandarsa a kan tudun tsakiya, ni kuma na tsinci karan dawa a gonar bakin hanya, na tsayar da shi daga gindin sawun taya zuwa sandar, na yanke da wuƙa daidai wurin. Wata motar gyaɗa ta tsaya, direban ya leƙo ya ce, "Baba, me ya ɓace?" Na ce masa hankalin ɗana.

Karan ne Sule zai miƙa maka tare da takardar nan, a naɗe cikin tsumma. Kada ka bari ya karye, kada ka rage shi, na yi masa alama da tawada a kai biyun, zan gane.

Ga yadda za ka yi. Ka je wajen kowace mota da Sule. A tsayar da ita a wuri mai daidai. Ka shiga ka zauna, ka sa wani mai nauyi ya zauna a ɗayar kujerar, don Tanko ya ce mota tana sunkuyawa in an hau ta, masu sayarwa kuwa a wofi suke nuna ta. Sule ya kwanta ya nemi inda cikinta ya fi kusa da ƙasa, ya tsayar da karan a miƙe. In ya tsaya bai taɓa ƙarfe ba, ta ci. In sai an karkata shi, ta faɗi. Ba ni na zaɓa ba, ba kai ka zaɓa ba, ba masu kallo ba. Ni na gama zaɓar wa maza mota har abada.

Na san jar ba za ta ci ba, kai ma ka sani, shi ya sa ranka ya ɓaci yanzu da kake karantawa. Koriyar ban sani ba, Tanko ma bai sani ba. In duka biyun suka faɗi, ka bar su, ka nemi ɗaki a Tudun Wada ka zauna ranakun aiki, ka riƙa zuwa wajen Hauwa ran Asabar. Tana gidan iyayenta, uwarta ta haifi tara, ba zamanka ne zai sauke ta ba. Gara ɗanka ya riƙa ganinka sau ɗaya a mako da a riƙa ba shi labarinka kamar yadda aka ba ka na ubanka.

In koriyar ta ci, ban so ba, amma zan kwance maka alkawarin da bakina, don ba na so ka hau hanya da karyayyen alkawari a wuyanka. Sai dai da sharaɗi. Karan nan zai zauna a cikin motar kullum. Duk mashigin da ka tarar da ruwa, ka fito, ka tuɓe takalmi, ka shiga da ƙafarka ka dasa shi a tsakiya. In ruwa ya rufe kansa, ka koma ka zauna, ko shugaban ofishinku ne yake jiranka a wancan gefen. In an yi ruwa aka gitta sanda a hanya, kada ka roƙi mai gadin ya ɗaga maka don kai ma'aikaci ne. In ka hango shanu, ka tsaya cak, garke ba ya ƙarewa a inda kake zato, kullum akwai maraƙin da ya makara. Kada ka tashi daga Tudun Wada bayan la'asar. Kada ka sa Hauwa a ciki sai ta yi arba'in. Duk wanda ya wuce ka, ka bar shi ya wuce, ka yi masa addu'a.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jiya har mun ji ƙanshin ƙasa. Ba mu da lokaci, ni da kai. Na ba ka zuwa Juma'a ta sama. Ka zo Yako kafin a shiga masallaci, a kan keken da ka ce ya ishe ka, da karan a hannunka, ka tsaya a bakin zauren da ka yi alkawari ka faɗa min abin da ya nuna, Sule yana shaida.

In Juma'ar ta wuce ban gan ka ba, ko na ji ka karɓi jar, ba zan yi maka baki ba, ba zan kai ƙararka wajen kowa ba, ba zan sake rubutu ba. Asabar da sassafe zan rufe ɗakina, in sallami matan da nake koya wa karatu, in hau jaki in zo Kwanar Dangora da tabarmata. Ka ce kujera biyu gare ta. Ɗaya taka ce, ɗaya tawa. Zan shiga kullum da safe in dawo kullum da yamma, daga ranar har ranar da ka rabu da ita. Za ka yi gudun da za ka yi da uwarka a gefe, samarin tasha suna kallo. In tsoro ya sa na yi amai, a kan kujerar Baturen zan yi. In ka shiga mashigin Tsamiya da ruwa, tare za mu shiga, don ba zan sake tsayawa a tasha ina ɗaga wa wani hannu ba. Ka san ni, ka tambayi Sule ko wasa nake.

Allah ya tsare ka daga ruwa da rami da idon masu kallo. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ka inda za ka, ya dawo da kai kan ƙafarka. Allah ya sa kai za ka binne ni. Allah ya jiƙan ubanka, ya yafe min.

A bakin rijiya kalma ɗaya ta gagare ni. Kakarka ta rasu, tsofaffin nan biyu sun rasu, duk wanda zai ce ba ni da kunya ya ce.

Usmanu. Ka waiwayo.

Ni ce Innarka.